Ɗaga Kan Babur Mai Gudu: Abin da Jiki Ke Nema da Abin da Ƙarfe Zai Yarda da Shi

Kusan duk wanda ya sayi babur mai gudu, irin su Yamaha R6, Honda CBR600RR ko Suzuki GSX-R, ba ya daɗewa yana hawansa sai ƙorafi ya fara. Wuyan hannu ya yi ta zafi, yatsu su sage, wuya ya ƙage saboda ɗaga kai a hango hanya, ƙugu kuma ya riƙe. Daga nan sai tambayar da ake yi wa bakanike a ko'ina a duniya ta taso: za a iya ɗaga min kan babur ɗin nan? Amsa ita ce za a iya, kuma ga mafi yawan masu hawa a titin gari, ɗagawar da ba ta wuce kima ba alheri ce. Sai dai akwai hanyar da ke sauƙaƙa wa jiki, akwai kuma wadda ke lalata tafiyar babur ɗin har ta jefa mai shi cikin haɗari, kuma a ido biyun kan yi kama da juna.

Me ya sa aka sauke shi ƙasa tun farko?

Masu ƙera waɗannan babura ba don ƙawa suka sunkuyar da mahayi ba. Dalili na farko iska ce. Ƙarfin da iska take tura mai babur da shi ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi. Wanda ya tashi daga kilomita 60 a awa zuwa 120 zai gamu da turin iska ninki huɗu, in ya kai 180 ya zama ninki tara. A irin wannan gudun, ƙirjin mutum a miƙe babban cikas ne, shi ya sa ɗan tsere yake kwanciya a kan tanki, ya ɓoye kansa a bayan gilashi. Dalili na biyu nauyi ne. Idan mahayi ya rankwafa gaba, nauyinsa yana danna tayar gaba, ta ƙara kama kwalta lokacin shiga kwana, ya kuma rage ɗagawar gaba idan an murɗa totur da ƙarfi.

Don haka aka bar dogon bututu guda ɗaya da aka saba gani a kan babur ɗin acaɓa, aka koma ga gajerun mariƙai biyu, kowanne ɗaure kai tsaye a jikin sandar shokazobar gaba ta ɓangarensa. Su ne ake kira kilif-on. Daga filin tsere suka fito. A shekarun 1950 da 1960 samarin Ingila masu taruwa a wurare irin su Ace Cafe na birnin Landan suka fara ɗaura su a baburansu na titi don su yi kama da 'yan tsere. Daga baya kamfanoni suka mayar da abin ƙa'ida, musamman bayan fitowar Suzuki GSX-R750 a 1985, wanda ya zo da siffar babur ɗin tsere amma da fitila da lamba. Honda Fireblade a 1992, Yamaha R1 a 1998 da R6 a 1999 duk wannan turbar suka bi.

Matsalar ita ce, zaman da aka tsara don gudun filin tsere shi ne ake shiga da shi cunkoson gari. A babban gudu iska tana tallafar ƙirji, ta rage wa hannu nauyi. A gudun kilomita 30 ko 40 tsakanin motoci babu wannan tallafin, sai nauyin rabin jiki na sama ya sauka a kan wuyan hannu. A tafin hannu akwai jijiyoyi biyu da wannan dannawar take takura wa: ɗaya tana kai ji ga babban yatsa da biyun da ke kusa da shi, ɗaya kuma ga ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa. Idan aka haɗa dannawa da karkarwar inji, yatsu sai su mutu. Mahayin da yatsunsa suka mutu kuwa ba ya jin birkinsa yadda ya kamata, kuma nan ne maganar ta tashi daga ta jin daɗi ta koma ta tsira da rai.

A nan ne lamarin ya shafi masu irin waɗannan babura a Kano, Kaduna, Abuja ko Yamai. Yawancinsu na hannu ake shigowa da su daga Turai, Amurka ko Japan, inda aka ƙera su da tunanin shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Wanda zai bi hanya mai ramuka da tudun rage gudu, yana kauce wa masu adaidaita da masu tafiya a ƙasa, ya fi bukatar ya ga nesa, ya iya waiwaye, ya kuma juya kan babur da sauri, fiye da bukatarsa ta ɓuya daga iska.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi

Kafin a sayi wani ƙarfe, ya kamata mahayi ya duba zamansa. Mariƙi ba wurin jingina ba ne. Da shi ake tuƙi, kuma tuƙin babur a gudu yana da wata ɗabi'a da da yawa suke yi ba tare da sun lura ba: wanda zai yi dama, mariƙin dama yake ɗan turawa gaba, sai babur ya kwanta dama. Hannun da ya miƙe ƙyam yana ɗauke da nauyin jiki ba zai iya wannan turin cikin laushi ba. Masu koyar da tuƙin babur, irin su Keith Code da ya kafa makarantar California Superbike School a 1980, sun daɗe suna nanata cewa a sassauta riƙo. A matse tanki da gwiwoyi, a dafa matakin ƙafa da gaban tafin ƙafa, a bar tsokar ciki da ta baya su riƙe gangar jiki, gwiwar hannu ta kasance a lanƙwashe. Akwai 'yan robobi masu kaushi da ake mannawa a gefen tanki don gwiwa ta sami wurin kamawa, kuma sun fi kowane sabon mariƙi araha.

Abu na biyu shi ne karkatar hannun birki da na kuloci. A zauna a kan babur kamar za a tafi, a miƙa yatsu a kan hannun birki. Idan sai an lanƙwasa wuyan hannu sama kafin yatsu su kai, to ya yi sama da yawa. A sassauta notunansa, a ɗan juya shi ƙasa har damtse, wuyan hannu da yatsu su tafi a layi ɗaya. Aikin 'yan mintuna ne, amma mutane da dama da suka yi niyyar canza kan babur gaba ɗaya a nan ciwonsu yake ƙarewa. In an gwada waɗannan na ɗan lokaci ciwo bai tafi ba, to jiki ya faɗi gaskiyarsa, sai a koma ga ƙarfe.

Hanyoyin da ake bi

Hanya ta farko ita ce sayen mariƙai masu tudu. Zobensu yana kama sandar gaba a daidai inda na kamfani yake, amma akwai ɗan ginshiƙi da yake ɗaga bututun sama da santimita biyu zuwa biyar, wani lokaci ya ɗan jawo shi baya kusa da mahayi. Kamfanoni irin su HeliBars da Woodcraft na Amurka suna ƙera su. Wasu an yi su ne don samfurin babur ɗaya tak, an riga an auna su yadda tiyon birki da wayoyin asali za su isa. Wasu kuma na gama-gari ne, ana iya daidaita tsayinsu da karkatarsu. Mai sayen na gama-gari dole ya auna kaurin sandar gaba a daidai wurin da zoben zai zauna, domin ba ɗaya suke ba: wasu samfuran Kawasaki Ninja 250 milimita 37 ce, Ninja 400 milimita 41, manyan babura da yawa 48 ko 50. Zoben da ya fi sanda faɗi ba a cike shi da gwangwani ko takarda. Bututun da hannu ke riƙewa kuwa yawanci milimita 22 ne, shi ya sa totur da makunnan fitila suke shiga sabon ba da wahala ba.

Hanya ta biyu ita ce canza farantin sama. Sandunan gaba biyu suna ratsa wasu farantan ƙarfe biyu, na sama da na ƙasa, waɗanda suka haɗa su da wuyan babur. Akwai kamfanoni, irin su LSL da ABM na Jamus, da suke sayar da farantin sama mai maɗauri, wanda ake ɗora dogon bututu guda a kansa. Wannan yana ɗaga hannu sosai, ya kuma faɗaɗa shi, sai juya babur a ƙaramin gudu ya yi sauƙi. Kada a ɗauka faɗaɗɗen kai na marasa gudu ne kawai. Eddie Lawson ya lashe gasar manyan babura ta Amurka a 1981 da 1982 a kan Kawasaki mai irin wannan kai, yana zaune kusan a miƙe. Sai dai aikin yana da tsada: yawanci sai an canza tiyon birki da kebur, a wasu baburan har sai an rage robar gaba kafin kai ya juya.

Hanya ta uku ita ce wadda ta fi jan hankali saboda kyauta ce, kuma ita ce ta fi cutarwa. A baburan da mariƙai suke ƙarƙashin farantin sama, sai mutum ya ga ai in ya mayar da su samansa ya sami tsayi ba tare da ya kashe ko sisi ba. Amma zoben yana bukatar wurin kamawa, kuma sandar ba ta leƙo sama da farantin yadda zai isa ba. Sai a sassauta notuna, a zuro sandunan sama da santimita biyu ko uku don a samar da wuri. Wanda ya yi haka ya ɗaga hannunsa, amma ya sauke gaban babur ɗin gaba ɗaya ƙasa.

Abin da sauke gaba yake jawowa

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne kuskuren da ba a gani sai an hau hanya. Sandunan gaba ba a tsaye suke cak ba, sun kishingiɗa baya da kimanin digiri 24 a yawancin babura masu gudu. Idan aka ja layi ta tsakiyar wuyan babur har ƙasa, layin zai sauka a gaban wurin da taya take taɓa kwalta da kimanin milimita 100. Wannan 'yar tazarar ce take sa taya ta riƙa komawa saiti da kanta. Haka tayoyin kujerar ofis suke: ko ina aka tura kujerar, suna juyowa su bi ta baya, saboda wurin da suke taɓa ƙasa yana bayan wurin da suke juyawa.

Idan aka sauke gaban babur, sandunan suna ƙara miƙewa, tazarar tana raguwa. Babur zai riƙa faɗawa kwana da sauri, mai shi ma ya ji daɗi a ranar farko. Amma ƙarfin da yake riƙe shi a miƙe ya ragu. Ranar da tayar gaba ta daki rami ko gargada ana cikin gudu, kan babur yana iya fara kaɗawa hagu da dama da ƙarfin da hannu ba zai iya tsayarwa ba. 'Yan tsere ma suna taɓa wannan awon, amma da milimita uku ko biyar, suna gwadawa a fili mai tsaro. Mai zuro sanda da milimita talatin don ya sami wurin ɗaura zobe ya ninka nasu sau shida ko fiye, kuma a titin da babu wanda ya share masa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Shokazobar gaba tana nutsewa da kimanin milimita 120 idan an danna birki da ƙarfi. Kamfani ya bar wa taya wurin wannan nutsewar. In an sauke gaba, madigadi ko taya suna iya dukan lagireto ko ƙasan farantin a daidai lokacin da mahayi ya fi bukatar tayarsa ta juya. Ƙasan babur ma ya matso kusa da kwalta, sai ya riƙa gogar tudun rage gudu. Ƙa'idar a taƙaice: a ɗaga mariƙi, kada a taɓa matsayin sandunan. Kafin a kwance komai, a auna iyakar yadda kowace sanda ta leƙo saman faranti, a rubuta, a kuma tabbatar an mayar da ita haka, dama da hagu daidai.

Akwai wata hanyar da ita ma ya kamata a guje mata, wato kai mariƙi wurin mai walda ya yanka ya ƙara masa tsayi. Masu waldarmu gwanaye ne a ƙarfe, amma yawancin waɗannan mariƙan da alminiyon aka yi su, kuma zafin walda yana rage wa alminiyon ƙarfinsa a kewayen ɗinkin ko da ɗinkin ya yi kyau a ido. A lokacin birki mai ƙarfi nauyin mahayi kacokan a kan wannan wurin yake sauka. Haka ma mariƙin da ya taɓa lanƙwashewa a faɗuwa aka buga shi ya miƙe, da kuma masu arahar nan da ba a san wanda ya ƙera su ba. Araha ba ta ado, balle a abin da rai ya rataya a kansa.

Iyakar da babur yake gindayawa

Ko da an sayi mariƙai masu kyau, abin da zai yanke iyakar ɗagawa shi ne abubuwan da suke liƙe da su: tiyon birkin gaba, keburan totur, kebur ko tiyon kuloci, da wayoyin makunnai. Kamfani ya yanka su daidai tsayin asali da ɗan rara kaɗan. Wani lokaci sauya musu hanya ta bayan sanda yana samar da 'yan santimita. In bai isa ba, sai a sayi masu tsawo.

Bakaniken da ya san aikinsa ana gane shi ne a gwajin da yake yi bayan ya ɗaura. Zai ɗaga gaban babur har taya ta bar ƙasa, domin a lokacin ne shokazoba take miƙewa iyakarta, ya taɓa tiyon birki ya ji ko da sauran sako-sako. Tiyon da ya yi tsam a wannan halin, wata rana zai tsage ko ya fizge daga bakinsa. Sannan zai tayar da inji ya bar shi yana sulo, ya juya kai a hankali zuwa ƙarshen hagu, ya dawo zuwa ƙarshen dama, kunnensa na kan ƙarar injin. In ƙarar ta ɗaga ko kaɗan, kebur ɗin totur yana jan kansa, kuma hakan na nufin babur zai iya zabura da kansa a tsakiyar juyawa. Zai murɗa totur ya saki a kowane ɓangare ya ga ya koma da kansa nan take. Zai sa hannunsa a kan mariƙi ya juya har ƙarshe, ya ga ko babban yatsansa zai matse tsakanin mariƙi da tanki, ko hannun birki zai taɓa robar gaba ko gilashi. Hannun birkin da ya daki roba a ƙarshen juyawa yana iya kama birki da kansa.

Akwai ƙananan abubuwa da ake rainawa. A cikin gidan totur da na makunnai akwai ɗan ƙaramin haƙori da yake shiga wani rami a jikin bututu don kada su juya. Sabon bututu sau da yawa ba shi da ramin, sai mai gaggawa ya goge haƙorin da zarto. Daidai shi ne a auna a huda ramin, in ba haka ba wata rana gidan totur zai juya tare da hannu. Kwalbar man birki ta zauna a miƙe yadda iska ba za ta shiga ba. In an buɗe tiyo, sai an fitar da iska sarai da irin man da aka rubuta a murfin, yawanci DOT 4, a kuma kiyaye shi daga fenti don yana cin sa. Nauyin ƙarfen da yake toshe ƙarshen bututu a mayar da shi, shi ne yake rage karkarwa. Notuna kuma a ɗaure su da sifana mai awo bisa abin da littafin babur ɗin ya ce. Ɗaurin da ya yi kaɗan zai bar mariƙi ya zame a birki, wanda ya yi yawa zai matse sandar ko ya tsinke zaren alminiyon.

A Jamus irin wannan canjin sai da takardar amincewa ko binciken hukuma irin ta TÜV, a Ingila kuma kamfanin inshora yana son a sanar da shi. Inda babu mai dubawa, aikin binciken ya koma wuyan mai babur da bakanikensa, kuma bai kamata ya zama ƙasa da na can ba.

Abin da ake samu da abin da ake bayarwa

Ɗagawar santimita biyu ko uku a takarda kamar ba komai ba ce, amma a jiki ana jin ta sosai. Ƙugu yana buɗewa, wuya ya huta, ido ya ga nesa, madubi ya fara nuna abin da ke baya maimakon gwiwar hannu. A madadin haka, nauyi ya ɗan koma baya, don haka jin tayar gaba a kwana mai gudu zai ragu kaɗan, iska za ta fi dukan ƙirji da hular kwano a babbar hanya, mazaunai kuma su ɗauki nauyin da hannu ya sauke. Sannan mariƙi ɗaya ne daga cikin wurare uku da jiki yake taɓa babur. Sirdi da matakin ƙafa suna nan inda suke, a sama kuma a baya. Dogon mutumin da gwiwarsa take ciwo, ɗaga kai ba zai yi masa magani ba.

Su kansu kamfanonin sun fahimci wannan. Aprilia ta ɗauki RSV Mille ta sa masa dogon kai ta fitar da Tuono a 2002. Triumph ta yi haka da Daytona 675, aka sami Street Triple a 2007. Kawasaki ta fitar da Z400 kusa da Ninja 400, Yamaha tana sayar da MT-03 kusa da R3, inji ɗaya, zama daban. Ko a cikin masu robar gaba, Aprilia RS 660 da ya fito a 2020 mariƙansa a saman faranti suke tun daga masana'anta. Kasuwa ta nuna cewa yawancin masu son ƙarfin inji ba sa son zaman tsere kullum.

Don haka ga wanda yake son babur ɗinsa, abin da yake nema kuma ɗan sauƙi ne, ya gyara zamansa, ya daidaita hannun birki, in bai isa ba ya sayi mariƙai masu tudu daga kamfanin da aka sani, ya bar sandunan gaba inda injiniyoyi suka ajiye su, ya kuma tsaya a kan bakanike har a yi gwajin juyawa hagu da dama a gabansa. Wanda kuwa ya ga sai an ɗaga santimita takwas ko goma, an yanka roba, an canza kowane kebur kafin ya iya zama, to gyara ba zai biya masa bukata ba. Gara ya sayar da shi yana da darajarsa, ya sayi wanda aka ƙera shi da miƙaƙƙen zama tun asali, ya huta da kashe kuɗi, ya kuma hau abin da zai iya sarrafawa daga fitarsa gida har dawowarsa.